Gyare a Kunnen Baldomero

A Valparaíso, can saman tudu,
inda gidaje ke hawa kan juna kamar awaki,
akwai tsoho, Baldomero Quilodrán.
Shekara arba'in da ɗaya yana dukan ƙarfe
a wurin gyaran jiragen ruwa.
Guduma ta cinye masa ji, sannu a hankali,
yadda gara ke cin azara.
Da ya ajiye aiki, gari ya yi tsit,
sai wani gyare
da ya tare a kunnensa na hagu,
ba ya biyan haya, ba ya barci.

'Yarsa Eloísa tana aiki a gindin tudu,
a ɗaki mai sanyi, marar taga.
Takan yanka ƙwaƙwalwar ɓera
siririya kamar ɓawon albasa,
ta kwantar da ita a ruwan gishiri mai kumfa,
ta kai mata tsinin gilashi
numfashi a riƙe.
Can sai lasifika ta fara tas, tas, tas-tas.
Ƙwayar jijiya ɗaya ce ke magana.

Ran Lahadi ta hau tudu da kifi a takarda.
Ya ce, “Ke mai leƙen cikin kai,
wa ya sako mini ƙwaron nan?”

Ta jawo kofi biyu, ta jera su,
ta bar tsakaninsu wurin da zare ma zai matsu.
“Baba, jijiyoyi ba sa taɓa juna.
Kullum akwai rata, kamar jirgi da gaɓa.
Wannan ya watsa sinadari,
wancan yana jira da ƙofofi dubbai,
kowace ƙofa ta san mabuɗinta,
baƙo ko ya kwana yana sallama ba ta amsawa.
Gulutamet ya iso, ƙofa ta buɗe,
gishiri ya kwararo ciki,
saƙo ya tsallake.
Ta haka ƙararrawar coci ke zuwa gare ka,
da ƙamshin gahawa,
da kaushin rigar ulun da Mama ta saƙa.”

Akwai wani kuma, sunansa Gaba,
ko da yake shi ne mai raba faɗa.
In ya taɓa tasa ƙofar, shiru ke shiga.
Ba don shi ba, da ka wuni kana jin riga a bayanka,
da harshenka a baki,
da kowane ɗigon famfo har asuba.

“To ni ina nawa ya tafi?”

Ta juya cokali. Ba ta son yi masa ƙarya.
“Zato muke, ba mu gama sani ba.
Da kunne ya daina aiko saƙo,
ƙwaƙwalwa ta ƙi yarda.
Ta rage ƙofofin shiru,
ta ƙure murya kamar rediyo tsakanin tasha biyu,
har ta fara jin motsin kanta.”

Tsoho ya daɗe yana cire ƙaya daga kifi.
“Wato jira take yi,” in ji shi.
“Haka uwarki ke tsayawa a taga
in jirgi ya makara.”

Ba ta kawo magani ba. Babu shi a jakarta.
Ta tashi ta buɗe tagar da ta cije,
hayaniyar tashar ruwa ta hauro,
da kukan tsuntsayen teku masu rigima kan hanjin kifi.
Gyaren bai mutu ba,
ya dai ɓace cikin taro.

Ya ɗora tafinsa mai kanta a bayan hannunta.
Ta ji nauyin, ta ji ɗumin,
ta san ƙofofin da suka buɗe da sunayensu,
ba ta faɗa ba.
Ta ce, “Ci, zai huce.”